Bizar Umra da addu'ar da na kasa yi



A cikin watan Sha'aban na 1446, bayan sallar Isha'i, wani dattijo cikin masu sahun gaba a masallacinmu ya tsaya har kowa ya watse. Ya girmi mahaifina. Tun ina yaro Baba nake ce masa, shi kuma tun ranar da aka ba ni limanci ya daina kiran sunana. Ya matso ya rage murya ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, addu'a nake so. Na sayar da gonar fadama, ana yi mini bizar Umra, cikin azumi zan tashi. Amma ba zan dawo ba sai na hau Arfa. Ɗan ƙanwata yana Makka, zai ɓoye ni. Ka roƙa mini Allah Ya rufe idon askar."

Wallahi na daɗe ban ce komai ba.

Lissafin Baba ba na wauta ba ne. A 2023 kujerar Hajji ta hannun hukuma ba ta kai naira miliyan 3 ba. A 2025 ta haura miliyan 8. Mutum ya yi shekaru yana tari, duk lokacin da ya kusa sai kujerar ta yi gaba ta bar shi. Kuɗin gonarsa sun isa Umra, ba su isa Hajji ba, shekarunsa kuma sun haura saba'in. Sai ya ga ai tsakanin azumi da Arfa wata biyu ne da 'yan kwanaki, me zai hana ya lallaɓa ya zauna?

Abin da zai hana shi yana cikin sharuɗɗan bizar. Kafin ka sauka Jidda da sunan Umra sai fasfo ɗinka yana da sauran aƙalla wata shida, sai katin rigakafin shawara da na sanƙarau, sai an ɗauki hotonka da zanen yatsunka, sai an san masaukinka da ranar dawowarka. Bizar ba ta aiki ba ce, ba ta Hajji ba ce. Tana iya ba ka har kwana 90, amma akwai ranar da ake rufe kakar Umra. A waccan shekarar 1 ga Zulƙida ce, wato 29 ga Afrilu 2025. Daga ranar, wanda ba shi da izinin Hajji ba shi da zama a Makka. Wanda aka kama, tararsa tana kaiwa riyal 20,000, a maido shi gida, a hana shi shiga ƙasar shekara 10. Wanda ya ɓoye shi ko ya ɗauke shi a mota, tasa tarar tana kaiwa riyal 100,000. Ka ga ke nan ɗan ƙanwar nan ma yana cikin lissafin, ko da Baba bai sa shi ba.

To amma ba tsoron tara ne ya ɗaure mini baki ba. Tambayar da ta tsaya mini ita ce: wannan takarda mene ne matsayinta a wurin Allah? Dokar gwamnati ce kawai irin wadda ake zagayewa in an samu hanya, ko kuwa alƙawari ne da mutum ya ɗauka da bakinsa?

Bari in fara da hujjar Baba, don tana da ƙarfi, kuma na sha jin ta daga bakin mutanen da suka fi ni karatu. Ɗakin na Allah ne. Suratul Hajji ta daidaita mazaunin wurin da baƙon da ya zo daga nesa. Kakanninmu a ƙasa suka tafi, daga Kano zuwa Barno, su ratsa Chadi ta Abeche, su shiga Darfur, su bi har Sawakin a bakin Bahar Maliya. Wasu su yi shekaru a hanya suna noma suna ci gaba, wasu ba su ƙarasa ba, jikokinsu na nan a Sudan har yau, irin su mutanen garin Mai Wurno. Wa ya tambayi na farkonsu biza? Sannan ga abin da ya fi ciwo. Tun 2019 Saudiyya ta buɗe bizar yawon buɗe ido ta intanet ga ƙasashe da dama. Mai fasfon Ingila yana zaune a ɗakinsa zai cike ta a waya, ya je ya yi Umrarsa. Mai koren fasfo sai ya bi ta hannun ejan, ya biya ninkin kuɗi, ya yi ta jira. Duk wanda ya ce wannan bambanci ba ya taɓa zuciya, bai taɓa tsayawa layin biza ba.

Duk na yarda da wannan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce ya goge alƙawari.

Malaman fiƙihu tun da daɗewa suna da babi a kan wanda ya shiga ƙasar wasu da amana, ana ce masa musta'amin. Hukuncinsa a bayyane yake: tun da sun bar ka ka shigo bisa sharaɗi, ba ya halatta ka yaudare su, ko da kuwa ba Musulmi ba ne, ko da tsakaninsu da mutanenka ba daɗi. Biza ita ce wannan amanar a zamaninmu. An tambaye ka me ya kawo ka, ka ce Umra. An tambaye ka yaushe za ka fita, ka faɗi rana. Ka dangwala yatsa. In tun daga gida niyyarka ba haka ba ce, to maganar farko da ka yi a ƙofar ƙasar mai tsarki ƙarya ce.

Akwai wani labari a Sahihu Muslim da nake yawan komawa gare shi. Huzaifa ɗan Yamani da mahaifinsa, Allah Ya yarda da su, suna kan hanyar Madina sai Ƙuraishawa suka tare su. Ba su sake su ba sai da suka ɗauki alƙawarin cewa ba za su yi yaƙi tare da Annabi ba, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Suka iso ana shirin Badar. Musulmi ɗari uku da 'yan kai ne, abokan gaba sun kusa dubu, kowane hannu ɗaya ana bukatarsa. Da suka ba shi labari sai ya umarce su su koma, a cika wa Ƙuraishawa alƙawarinsu, a nemi taimakon Allah a kansu. Ku duba fa: alƙawarin tilas aka karɓa, masu karɓarsa maƙiya ne, abin da aka rasa kuwa halartar Badar ne. Huzaifa ya rayu ya rasu ba a lissafa shi cikin mutanen Badar ba, saboda magana ɗaya da ya faɗa a bakin hanya. In wannan bai zama uzuri ba, ta yaya tsadar kujera za ta zama?

A nan dole in faɗi wani abu a kaina, don kada ku ɗauka daga kan tudu nake magana. Lokacin ina ɗalibi a Madina, ina da takardar zama, amma mazauna ƙasar ma sai da tasrihi suke Hajji, sau ɗaya a shekara biyar. Na riga na yi nawa a shekarar farko. A ta biyu, ni da abokai muka sa jallabiya a kan harami, muka wuce shingen bincike kamar masu wata tafiya daban, muka ce ma yi fidiya daga baya. Muna dariya, muna ganin mun yi dabara. A Mina ba mu da hema, sai muka shimfiɗa tabarma a bakin hanyar da ake bi zuwa jifa. Da asuba na ga wata tsohuwa a keken guragu, mai tura ta yana neman inda zai bi, mu da irinmu mun toshe rabin hanyar. Ba wanda ya kama mu. Amma har yau in na tuna wancan Hajjin, fuskar matar nake fara gani kafin Arfa.

Wannan shi ne abin da mai shirin ɓuya ba ya sawa a lissafi. Yana ganin abin tsakaninsa da gwamnati ne, gwamnati kuwa ba ta jin ciwo. Alhali Mina kwari ne tsakanin duwatsu, ba ya ƙaruwa. Tun ƙarshen shekarun 1980 ƙasashen Musulmi suka amince da kaso, kusan alhaji dubu ɗaya ga kowane Musulmi miliyan ɗaya. Hema da ruwa da mota da gadon asibiti duk a kan wannan adadin ake tanadinsu. Mu da muka rasa mutane irin su Hajiya Bilkisu Yusuf da Farfesa Tijjani El-Miskin a turmutsitsin Mina na 2015 ba ma bukatar a yi mana bayanin cunkoso. A Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 51 a Makka. Hukumomin Saudiyya suka ce mutum 1,301 ne suka rasu, kuma kashi 83 cikin ɗari ba su da izinin Hajji: sun yi doguwar tafiya a rana, ba inuwa, ba motar da za ta ɗauke su. Da yawansu tsofaffi ne masu ciwo, sa'annin Baba. Kafin wannan Hajjin, a watan Afrilu, majalisar manyan malaman Saudiyya ta riga ta ba da fatawar cewa zuwa Hajji ba tare da izini ba bai halatta ba. Wani zai ce ai malaman gwamnati ne. To ajiye sunansu, ka duba dalilin.

Sannan akwai na bayanka a layi. Duk wanda ya shiga ya ɓace, sunan ƙasarsa yake ɓatawa, kuma talakan da zai nema gobe shi zai biya: ƙarin sharaɗi, ƙarin kuɗin ajiya a hannun ejan, ƙarin tambaya a filin jirgi. A Nuwamban 2023 wani jirgi ya tashi daga Legas ya biyo ta Kano da fasinja 264, da ya sauka Jidda aka soke bizar 177 aka maido su. Ofishin jakadancin Saudiyya ya ce an ba da bayanan da ba daidai ba don samun nau'in bizar da ba tasu ba. Ina kyautata zaton da yawansu ba su ma san abin da aka rubuta da sunansu ba. Mutanenmu fasfo da kuɗi suke miƙawa su koma gida su jira. Ejan ɗin da ya san dattijo Hajji yake nufi ya yanka masa bizar ziyara, ya ce "kada ka damu Baba, kowa haka yake yi", nasa hisabin daban ne, kuma ya fi nauyi.

Mu ma masu hawa mumbari muna da namu kason. Mun iya sa mutane kuka da labarin Arfa, amma ba mu cika tsayawa a kan sharaɗin iko ba. Allah bai wajabta Hajji sai ga wanda ya samu hanya, kuma a yau izini yana cikin hanyar. Wanda bai samu ba, ba a binsa bashi. Sai dai mun gina al'ummar da dattijo yake jin kunya in an kira sa'ansa Alhaji shi an kira shi da sunansa.

Na san za a tambaya a ƙasa, to wanda ya riga ya yi fa, Hajjinsa ya yi? In ya cika rukunai, jumhurun malamai za su ce farali ya sauka, laifin hanya kuma yana nan yana jiran tuba. Inganci daban, karɓa daban, ita kuma karɓa ba a hannun mufti take ba. Haka nan ba ina magana a kan wanda yaƙi ya koro ba, kamar 'yan uwanmu da suka tsere daga Khartum a 2023 suka tsallaka iyaka ba takarda. Wannan larura ce, hukuncinta daban. Son Ka'aba kuwa, duk girmansa, ba larura ba ne.

Ban zayyana wa Baba duk wannan a daren ba. Abin da na ce masa gajere ne: "Baba, ka yi haƙuri, wannan addu'ar ba zan iya ba. Zan roƙa maka Allah Ya kai ka Arfa ta ƙofa. In za ka ji ta tawa, ka fasa Umrar, ka zuba kuɗin a adashin gata na hukumar alhazai, mu yi wa 'ya'yanka magana su cika." Ya dube ni ya ce, "Malam, kai ka je sau nawa?" Na ce sau biyu. Ya ce, "To." Ya ɗauki takalmansa.

Ya tafi cikin azumi. Sati uku bayan Sallah sai na gan shi a sahun gaba, ya rame. Bayan an sallame ya miƙo mini ƙullin dabino da 'yar gorar zamzam. Ya ce kada in ɗauka maganata ce ta dawo da shi. An yi samame a unguwar da ɗan ƙanwarsa yake, ya ga yadda matasa ke tsallake katanga, ya dubi gwiwoyinsa, ya dubi yaron da iyalinsa, ya ce a kai shi Jidda. Gonar ta tafi, kuɗin sun ƙare, kuma har yanzu yana ganin da na yi masa addu'ar nan da ya hau Arfa. Da zai miƙe ya ce, "Waccan ɗin da ka ce za ka yi, ta ƙofa, kana yi kuwa?" Na ce ina yi, Baba. Ya ce in ƙara, shekaru na tafiya.