Kayan Sallah: Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

A 2023 an yi babbar Sallah ranar 28 ga Yuni. A 2024 ta zo ranar 16 ga Yuni, a 2025 kuma ranar 6 ga watan. Haka take tahowa duk shekara, tana rage kwana goma zuwa sha biyu, ƙaramar Sallah kuma na gabanta da wata biyu da 'yan kwanaki, ta faɗo cikin zafin bazara. Manomin Gwashi, a nan Zamfara, ba sai an fassara masa wannan lissafi ba. Ƙaramar Sallah na riskarsa rumbu ya yi ƙasa, babbar kuma na zuwa daidai lokacin da kuɗin rago ke kokawa da kuɗin taki da na iri da na 'yan ƙodago. Wanda ya san haka, ya kuma zauna sai Sarkin Musulmi ya sanar da ganin wata sannan ya fara tunanin abin da zai ɗinka wa iyalinsa, to kada ya ɗora wa talauci laifin duka.

Iyayenmu ba su fi mu kuɗi ba. Tanadi suka fi mu, da sanin mutanensu. Da an gama girbi, kafin buhun farko ya tafi kasuwa, maigida ya ware dammunan gero ko dawa da za a fitar da zakkar fidda kai, mudu huɗu na mudun Annabi ga kowane rai da ke ƙarƙashinsa, har jariri. A lokacin ne kuma yake sayen ɗan rago tun yana da araha, a ɗaure shi a turke, matan gida su yi ta ba shi dusa da ƙasari da harawar wake, yara su raɗa masa suna. Kafin layya ta zo ya zama dabbar da ba a jin kunyar fitowa da ita ƙofar gida. Uwargida na da adashinta, ta san watan da kwasarta za ta faɗo, kuma tun farko ta roƙi uwar adashi a sa ta kusa da azumi. Yadi na isa wurin tela tun watan azumin tsofaffi. Waɗanda ba su da halin rago ba su shiga ɗaki sun rufe ƙofa ba: haɗa kuɗi suke yi su yi watanda, ba da sunan layya ba, don dai yara su ga nama a tukunya. Malaman zaure da suka karantar da Iziyya da Risala sun sha gaya musu cewa layya sunna ce a kan wanda ba za ta ƙuntata ba, kuma ba a yin ta da mai ido ɗaya ko gurgu ko mara lafiya ko wanda ya rame ƙwarai. Sun ji, sun riƙe, ba su ga abin kunya a ciki ba.

Sai zaɓen kayan, kuma nan ne na fi ganin mun yi asara. Dattijon da ya shiga kasuwa da ɗan abin da ya tara, kowa na gidansa na cikin kansa. Ya san Inna ba ta son zane mai ƙyalli, ta fi son mai duhu mai kauri wanda zai yi mata sallar asuba lokacin hunturu. Ya san hular Baba ta koɗe, kuma Baba ba zai taɓa faɗa ba. Ya san Gwaggo ba ta da haƙoran cin nama, don haka nata kason hanta ne da ɗan kitse, da goro fari guda biyu. In yana da mata biyu, turmi iri ɗaya ne, kuɗi ɗaya, rana ɗaya, don ya san bambancin kwabo a kayan Sallah kan haifi gabar da 'ya'ya za su gada. 'Yarsa da aka aurar bana, ita ma da nata, a kai mata har ɗakinta don dangin miji su san ba daga sama ta faɗo ba. Agolan gidan kuwa, da marayan ƙanensa, da almajirin da ke ɗebo wa gidan ruwa, yadin da aka yanka wa ɗan cikinsa shi ake yanka musu, tela ɗaya. Ranar idi in suka jero, baƙo ba ya iya nuna wanda ubansa ke raye. Wannan ba tsada gare shi ba. Kula yake bukata, kuma kular ce ta yi ƙaranci.

Dubi yadda muke yi yanzu. Ana saura kwana biyar Sallah magidanci zai faɗa kasuwa, gumi na zuba, ya kwashi abin da ya tarar. Ya kai wa tela, tela kuma, Allah ya shirye shi, ya karɓa alhali ya san ɗinkin da ke gabansa ya fi ƙarfin kekensa. Daren jajibere sai ka ga mutane sun yi cincirindo a ƙofar shago, ana zage-zage, wani har da kai ƙara. Da safe yaro ya tafi idi da riga ba aljihu, wuyan ma da allurar ƙulli aka kama shi. Muna zagin teloli duk shekara, kuma sun cancanci rabin zagin. Ɗaya rabin namu ne.

Yadin ma ba wanda yake tsayawa ya murza shi a hannu. A da, da audugarmu ake saƙa abin da muke sawa. Akwai masaƙa a Gusau, a Kaduna kuma tun 1957 aka buɗe ta farko, wasu suka biyo baya. Duk sun durƙushe, babbar cikinsu, UNTL, ta rufe a 2007. Yau mafi yawan abin da ke fitowa daga Kantin Kwari zuwa kasuwanninmu daga ƙasar Sin yake, akwai mai kyau akwai na banza, kuma mai gaggawa na banzan yake ɗauka, don shi ya fi ɗaukar ido. Shadda ce a baki, wanki ɗaya ta zama tsumma. Tsohuwa ta karɓa ta sa albarka, don uwa ba ta kushe kyautar ɗanta, amma ta san abin da aka ba ta.

Abin da ya fi wannan ciwo shi ne yadda aka juya jerin. Saurayi ya dawo daga ci-rani a Legas, ko daga ramin zinariya, da ɗan abin da ya samu. Kayan toshin budurwa ne farko: atamfa, leshi, takalmi, jaka, kayan shafa, wani har da waya, don kada a ce saurayin ƙawarta ya fi shi. Uwar da ta sayar da akuyarta ta yi masa kuɗin mota, ita sai abin da ya rage, in ya rage. Ba na ƙin a kyautata wa wadda za a aura, al'ada ce mai kyau. Amma iyayen 'yan mata su ma su ji tsoron Allah. Yaron da ya tsallake mahaifiyarsa ya kawo wa 'yarku akwati, ku sani ya nuna muku yadda zai yi da ita ran da wata ta shigo. Magidanta ma ba su tsira ba. Wani zai ci bashi ya sayi ragon da ya fi na maƙwabci ƙaho, a ɗauki hoto a sa a Facebook, alhali kuɗin takin gonarsa ke nan ya yanka. A 2025, da Nijar ta hana fitar da dabbobi daga ƙasarta gab da layya, raguna suka yi tsada, waɗanda suka yi kiwo tun kaka ba su ji a jikinsu ba. Masu jiran jajibere ne suka sha. Hausawa sun riga sun gama magana: Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi.

Ga kuma sabon salo, kyautar da ba ta da ƙafa. A tura kuɗi ta waya, a kira a ce, "Inna, kin ga alat?" Inna ba ta da asusu, sai ta aiki jika wurin mai POS, a cire ladan cirewa, jikan ma ya cire nasa. A nan dole in yi adalci. Wanda ke Kano ko Ibadan, ya san halin da hanyoyin Anka da Bukkuyum ke ciki, ba mai hankalin da zai ce ya kama hanya da ransa a hannu don ya kai turmin atamfa. Ya tura, Allah ya ba shi lada. Da wanda ke gari ɗaya da iyayensa nake, wanda tsakaninsa da ɗakin gwaggonsa bai kai tafiyar da yake yi zuwa wurin mai shayi ba. A watan Satumban 2021, da aka katse layukan waya a Zamfara aka kuma rufe kasuwannin mako, mutane da yawa sun gane cewa zumuncinsu gaba ɗaya a cikin waya yake zaune. Zumunta a ƙafa take. Tuwon Sallah da ake ba yaro ya kai gida-gida, a juye a zuba masa na gidan, a ba shi tukuici, ta nan yaro ke sanin wane ne kawunsa, wace ce 'yar'uwar kakarsa. Yanzu akwai yaran da suka san gidan ɗan siyasar da ke rabon sabbin kuɗi, ba su san gidan baffansu ba. Barka da Sallah ma, da ta yara ce, a ba su ɗan abin sayen alewa. Yau gardi mai gemu ne zai tare ka da ita, in ka ba shi kaɗan ya bi ka da harara.

Maƙwabtanmu na ƙasar Zuru, waɗanda da yawansu Kirista ne, nasu lissafin ya fi namu sauƙi, domin Kirsimeti ba ta motsi daga 25 ga Disamba, kuma tana zuwa ne an gama kaka, hatsi na gida. Duk da haka dattawansu na kuka da irin abin da muke kuka da shi: ɗinkin ƙurarren lokaci, bashi, da gasar nuna isa. Akwai kuma wata al'ada tsakaninmu da su da bai kamata a bari ta mutu ba. A garuruwan Arewa da ake zaune tare, Kirista kan kira maƙwabcinsa Musulmi ya yanka masa kaza ko akuyar Kirsimeti, don in an dafa a aika masa ya ci ba shakka. Da layya kuma shi ma Kiristan a kai masa nasa kason. Wanda ya tsara yankansa tun farko don maƙwabci ya iya ci, ya san ma'anar kyauta.

Na san abin da za a ce: zamani ya yi tsanani. Gaskiya ne, kuma ba wanda zai koya wa mutumin yankin nan ma'anar wahala. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma. Bayanta 'yan bindiga suka zo, suka kore shanu, suka hana noma, suka ɗora wa ƙauyuka haraji. A watan Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota da na masarufi suka tashi. Akwai gidajen da ba batun ɗinki ake ba, batun abin da za a ɗora a murhu ake. Da su ba ni da magana sai addu'a.

Amma tsananin nan hujja ce a kan mai ɗan hali, ba hujja ce gare shi ba. In abu ya yi kaɗan, a lokacin ne ya fi bukatar a yi masa tsari, a san wa ke gaba wa ke baya. Garin Anka cike yake da mutanen da aka koro daga ƙauyukansu, haka Gummi da Bukkuyum, kuma ba baƙi ba ne: 'yan'uwanmu ne, surukanmu ne, waɗanda da su ke aiko mana da dami. Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha kan raba wa marayu kayan Sallah, masu hannu da shuni ma na yi, to amma hukuma ba ta san awon wuyan ɗan ƙanenka ba, ba ta san 'yar ƙanwarka ta yi tsawo bana ba. Zakkar fidda kai ma, da aka halatta a fitar da ita kwana ɗaya ko biyu kafin idi don mabukaci ya samu ya daka ya dafa, wasunmu sai an kusa tayar da sallar idi suke tunawa, su miƙa wa duk wanda suka ci karo da shi a hanya, ga gwauruwar da mijinta ya rasu a hannun 'yan bindiga a bayan gidansu.

Don haka, malam maigida, zauna da uwargida tun da sauran lokaci, ku lissafa mutanenku da sunayensu, ku fara da tsofaffi. Abin da aljihu ba zai ɗauka ba a bar shi, ba wanda aka taɓa ɗaurewa don bai yi layya ba. Limamanmu, don Allah ku riƙa taɓo wannan a huɗuba tun kafin azumi, ba sai a filin idi ba, lokacin da mai bashi ya riga ya ci. Kai kuma da kake da ɗan'uwa da ke gudun hijira a Anka ko Gummi, in za ka kai wa tela awon 'ya'yanka bana, ka aika a kawo maka na nasa 'ya'yan, ka haɗa.