Hanci da Hantuna

Ranar da za a yi ruwan farko a Rogo Ruma, tun ɗigo bai taɓa ka ba hanci ya riga ya kawo maka labari. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa zai taso daga gonakin da hadari ya fara sauka, ka ga tsoho ya miƙe yana laluben fartanyarsa. Tsarki ya tabbata ga Wanda ya dasa wannan 'yar gaɓa a tsakiyar fuska. Gashin cikinta ke tare ƙurar hunturu, ita ke ɗumama iska kafin ta isa huhu, kuma ita ake kaiwa ƙasa tare da goshi a sujada.

Sunan ma abin tsayawa ne a duba. Muna cewa hanci, amma in sun yi yawa sai mu ce hantuna. Daga ina "t" ta ɓullo? Ai ita ce 'yar gida. Bakin Bahaushe, in "t" ta ci karo da "i", sai ya mayar da ita "c", kamar mota da motoci. Ke nan hanti kakanninmu suke faɗa, jam'in ne ya ajiye mana shaida har yau. Je ka Fika a jihar Yobe, za ka ji Bolewa na cewa wunti. Ba aro ba ne, gado ne daga uwa ɗaya.

Paul Newman, wanda ya koyar a Kano, ya jera irin waɗannan kalmomi na harsunan Cadi, wato dangin da Hausa da harshen Bolewa suke ciki, a 1977 ya fitar da siffar da yake ganin ita ce tushe, wani abu kusa da atin. Masana kan sa wa irin wannan kalma alamar tauraro, don ba wanda ya ji ta da kunnensa, sawunta kawai aka bi. Haka aka yi wa dangin Turkanci: mutumin Istanbul ya ce burun, na Kirgistan ya ce murun, aka gane tsatsonsu ɗaya.

Abin da ke girgiza ni shi ne, ba takarda ba tawada, uwa ta nuna wa ɗanta hancinsa ta faɗi sunan, shi ma ya faɗa wa nasa, shekaru dubbai sautin bai ɓace ba. Aya ta 22 a Suratur Rum ta lissafa bambancin harsuna cikin ayoyin Ubangiji.

Mai karatu, gobe in ka shaƙa ruwa wajen alwala, ka tuna sunan da kake kiran gaɓar nan ya girmi ganuwar Kano.