Shaida a Bakin Akwati: Nasiha Kafin Zaɓen Gobe

'Yan uwa mazauna Agege da kewaye, gobe Asabar 18 ga Maris 2023 za a fita zaɓen gwamna da 'yan majalisar jiha, wanda aka ɗaga daga ranar 11. Ga azumi kuma yana ƙwanƙwasa ƙofa. Ba za mu ce muku ga wanda za ku zaɓa ba, wannan masallaci ba na jam'iyya ba ne. Maganarmu a kan abin da ke biyo bayan dangwala ne: wa ke da izinin tsayawa a rumfa, wa zai matsa kusa da tebur, kuma me mutum zai faɗa idan ya dawo gida.

Abin da ya sa muka ɗauko maganar shi ne abin da ya faru a wata rumfa ranar 25 ga Fabrairu. Ana cikin ware ƙuri'u sai malamin zaɓe ya ajiye wata takarda gefe, ya ce ta lalace. Wasu samarinmu suka yi caa a kan tebur, har ɗaya ya kai hannu zai ɗauka ya duba. Ba don dattawa sun shiga tsakani ba, da yanzu wani labarin ake yi. Niyyar yaran mai kyau ce, mun sani. Amma ba su da hurumin taɓa wannan takarda, kuma wanda doka ta ba bakin magana, wato wakilin jam'iyya, yana can gindin bishiya yana cin abinci.

To bari mu rarrabe. Dokar Zaɓe ta 2022 ta ba malamin zaɓe, wanda galibi ɗan bautar ƙasa ne, ikon tsara wanda zai shiga rumfa. Bayan ma'aikatansa da jami'an tsaro, akwai wakilan jam'iyyu, waɗanda muke ce wa ejan, da masu sa ido da hukumar INEC ta tantance ta ba su katin rataya a wuya, da 'yan jarida masu irin wannan izini. Mai sa ido aikinsa kallo da rubutu da tambaya cikin ladabi. Ba ya taɓa kayan zaɓe, ba ya ba ma'aikaci umarni, ba ya sanar da sakamako. Don haka duk wanda ya zo muku da wata riga mai rubutu ya ce shi mai sa ido ne, a ba shi hanya, ku dubi wuyansa tukuna.

Ejan kuwa nauyinsa ya fi haka, kuma a nan muke so mu daɗe, domin akwai ejan-ejan da yawa a sahun sallarmu. Shi ne zai ga an nuna akwati wayam kafin a fara da ƙarfe 8:30 na safe. Shi ne zai iya cewa bai yarda an jefar da ƙuri'a kaza cikin lalatattu ba, a rubuta ƙin yardarsa a jikin takardar. Yana da damar neman a sake ƙirge, amma sau ɗaya tak. Shi zai dubi adadin mutanen da na'urar BVAS ta tantance ya gwada da adadin ƙuri'un da aka jefa, domin idan ƙuri'u suka zarce waɗanda aka tantance, soke zaɓen rumfar ake yi. Daga ƙarshe ya sa hannu a takardar sakamako, EC8A, ya karɓi tasa. Wannan sa hannu, ya ɗan uwa, shaida ce. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma ayar da ke biye da ita ta ɗora zunubi a zuciyar mai ɓoye shaida. Idan bashin buhun shinkafa ya sami wannan kulawa, ina ga takardar da za ta ɗora mutum a kan miliyoyin jama'a shekara huɗu? Wanda ya sa hannu a kan lambar da bai ga an ƙirga ba, ko ya sa hannu a farar takarda tun da hantsi don ya karɓi sallamarsa ya tafi, ya tuna cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lissafa shaidar zur cikin manyan zunubai, yana kishingiɗe ya tashi zaune yana ta maimaitawa. Haka wanda ya ƙi sa hannu don kawai ɗan takararsa ya faɗi. Aya ta 135 a Suratun Nisa'i ta wajabta mana shaidar gaskiya ko da a kan kanmu ce ko iyayenmu, balle jam'iyya.

Sauran mu, talakawa masu katin zaɓe fa? Hukumar zaɓe ta sha faɗa cewa wanda ya jefa ƙuri'arsa yana iya tsayawa ya ga ƙirge, muddin cikin natsuwa ne. A koma gefe, a bar tebur. A cikin mita 300 daga rumfa babu kamfen, babu hula ko riga mai alamar jam'iyya, babu makami, ko da 'yar wuƙar yankan farce da wasu 'yan kasuwarmu ba sa rabuwa da ita gara a bar ta gida. Waya ba ta shiga wurin dangwala. Wanda ya fizge akwati ko ya lalata kayan zaɓe, ɗaurin wata 24 ke jiransa. Duk wanda ke kan layi kafin ƙarfe 2:30 na rana sai ya yi zaɓe, kada wani ya kore shi. Tsofaffi da masu juna biyu da masu lalura a ba su gaba, makaho kuma yana da 'yancin zuwa da wanda ya amince da shi ya taimaka masa.

Idan an gama ƙirge a bainar jama'a, malamin zaɓe zai faɗi sakamako da ƙarfi, ya ɗauki hoton takardar da BVAS don aikawa shafin hukumar na intanet, sannan ya manna kwafi a bango. Kun ga yadda aka yi ta jiran sakamakon shugaban ƙasa a wannan shafi bai hau da wuri ba. Shi ya sa takardar bangon nan take da daraja. Ku ɗauki hotonta, gani ya kori ji. Amma abin da ka gani a rumfarka kaɗai ka sani. Lagos tana da rumfuna dubbai, kai ka ga ɗaya, sai ka hau WhatsApp kana cewa an gama, wane ya ci, ko an yi maguɗi ko'ina? Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarce mu da bincikar labari kafin mu cutar da mutane cikin jahilci. Cibiyar tattara sakamako kuma ba wurin taron jama'a ba ce, ejan da masu kati ke shiga.

Ana cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a zaman da muke yi nan ba haka abin yake ba. Yaro ɗaya ya yi jifa a rumfa, sai a ce Hausawa ne, mai shayi da mai faci da ɗan acaɓa da ba su san hawa ba balle sauka su ne za su kwana a ciki. Wannan ba yana nufin mu noƙe a gida ba. Kakanninmu sun zauna garin nan tun zamanin cinikin goro da zuwan jirgin ƙasa, katinmu daidai yake da na kowa, kuma wanda aka tsorata ya ƙi fita ya bar wa wani ya yanke masa hukunci. Idan aka yi maka barazana a layi, kada ka rama, ka sanar da jami'in tsaro da ejan, ka riƙe lambar rumfar da lokacin.

Azahar da La'asar za su same mu a can. A yi alwala tun daga gida, a riƙa yin sallah kashi-kashi, kada a watse gaba ɗaya a bar akwati ba ido. Ejan-ejan na kowace jam'iyya da ke cikinmu, muna roƙon su tsaya a harabar masallaci yau bayan Isha'i, kowa ya zo da katinsa da biro, za a nuna musu samfurin takardar sakamako da inda ake cike kowace lamba. Mata masu son ganin samfurin za a kai musu ɓangarensu.