Yabon Kai Ko Faɗin Gaskiya?

'Yan uwa mata, duk wadda ɗiyarta ke neman karatun likita a Ingila ko Kanada ta san maki kaɗai ba ya shigar da yaro, sai an zaunar da shi an yi masa tambayoyi baki da baki. Mu nan gida mun saba da JAMB da jarrabawar da jami'o'i suka ƙara bayanta tun 2005, su kuwa can har halin mutum suke son gani. Jami'ar McMaster ta Kanada ce ta gwada wani tsari a 2002, inda ɗalibi zai riƙa zagaya ɗakuna, kowanne kamar minti 8, kuma makarantun likita da yawa a Ingila sun ɗauke shi.

Tambayar da ke kayar da 'ya'yanmu ba ta kimiyya ba ce. Ita ce irin su "Ba mu labarin kanki," ko "Wace wahala kika taɓa sha?" To, yarinyar da muka raina da kunya, kullum muna ce mata yabon kai jahilci, yaya za ta yi? Ta sunkuyar da kai, guri ya wuce ta?

Wasu iyayen sai su biya a rubuta mata amsa ta haddace, har a ƙago mata wata kaka da wai ta yi jinyarta. Wannan kam ƙarya ce, ko da da kyakkyawar niyya aka yi ta. Kuma yarinyar da za a damƙa wa sirrin marasa lafiya gobe, ina dalilin koya mata ƙarya a bakin ƙofa? Balle masu tambayar sun ji labarin kakar nan har sun gaji.

Amma faɗin abin da mutum ya iya, a inda ake bukatarsa, ba alfahari ba ne. A Suratu Yusuf, Annabi Yusuf (AS) da bakinsa ya nemi a ɗora shi kan taskokin Masar, ya ambaci amanarsa da saninsa, wato abin da aikin ke nema, bai ƙara komai ba.

Saboda haka ke uwa, zauna da ita ki tuna mata abin da ta yi da gaske. In ta kwana kan ƙanenta mai ciwon sikila tana lissafa lokacin magani, ta faɗa yadda ya faru. In ta tsorata a daren har ta yi kuka, wannan ma ta faɗa, kada ki ce ta ɓoye.