Zumunci Ko Amana: Tambaya Daga Ƙofar Masaƙar Gusau

Tun muna yara aka koya mana cewa naka naka ne, kuma wanda Allah ya ɗaukaka bai ja ɗan'uwansa ba ya yi asara. A makarantar allo kuwa aka koya mana cewa amana nauyi ce da za a tambayi mutum a kanta ranar gobe. Waɗannan darussa biyu sun daɗe suna zaune lafiya a zukatanmu, har zuwa ranar da gurbin aiki ya zama ɗaya, masu nemansa suka zama ɗari, ɗaya daga cikinsu kuma ɗan ƙanwar mai ɗauka ne.

Bari mu ɗauki Gusau a matsayin misali. Jirgin ƙasa ne ya raya garin, domin layin dogon da ya taso daga Zariya ya ratsa ta cikinsa kafin ya tuƙe a Ƙaura Namoda a 1929. Auduga da gyaɗa suka biyo dogo, aka kafa injin gurzar auduga, daga baya aka sami kamfanin matsar mai da kuma masaƙar Zamfara. A wancan zamani saurayi kan tsaya a bakin ƙofa da sassafe, a dube shi, a gwada shi. Ba mu ce babu alfarma a lokacin ba, akwai ta. To amma injin saƙa bai san ɗan wane ba. Idan zare ya tsinke, ko dai ka iya ƙulla shi ko ba ka iya ba, kuma kafin sati ya zagayo kowa ya gani.

Sai al'amura suka juya. A 1986 gwamnatin Babangida ta shigo da shirin tsuke bakin aljihu, aka rushe hukumar cinikin auduga, darajar naira ta faɗi, kayan gyaran injuna suka yi tsada. Wutar lantarki ta zama sai an ga dama, atamfar waje mai araha kuma ta riƙa kwararowa ta kan iyaka. Babbar masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, ta Gusau ma ta yi shiru a waɗannan shekaru. Ana cikin haka ne aka ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, Gusau ta zama babban birni. Ma'aikatu suka maye gurbin masana'antu, mai neman aiki ya bar ƙofar kamfani ya koma barandar sakatariya da takardunsa a cikin ambulan.

A nan ne tambayar ta yi tsanani, domin tebur ba inji ba ne. Mutum na iya shekara goma a kan kujera ba a gane ko ya iya ko bai iya ba. Da zarar aiki ya daina tona asirin mai yin sa, sai takardar babban mutum ta fi takardar makaranta nauyi.

Akwai mai cewa, ai haka iyayenmu suka yi: maƙeri ɗansa yake zaunarwa a bakin zuga-zugi, majemi ma haka, ba wanda ya kira wannan zalunci. Gaskiya ne. Sai dai maƙera ta maƙeri ce, da guminsa ya kafa ta, kuma idan ɗan ya ƙera garma mai lauƙwashewa, kasuwa za ta hukunta gidan gaba ɗaya. Kujerar gwamnati kuwa ba gadon kowa ba ce. Darakta ajiya aka ba shi, kuma mai kyauta da kayan ajiya ba a kiran sa karimi.

Duk da haka, kada mu yi gaggawar jifan wannan darakta. Sau da yawa dangi ne suka yi masa karo-karo ya yi karatu. Wata gwaggo ta sayar da akuyarta aka biya masa kuɗin jarrabawa. Yau ɗanta ya gama digiri, ya yi hidimar ƙasa, shekara uku yana zaune a gida, ita kuma ta yo tattaki ta zauna a zauren daraktan. Idan ya ce mata sai an bi ƙa'ida, sunansa ya zama butulu a gidan biki da gidan makoki. Bashin nan na gaske ne, mun yarda. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a biya shi daga aljihun wani. Yana da albashinsa, yana da gonarsa, yana iya ba yaron jari ko ya ɗauki nauyin koyon sana'arsa. Wannan zai yi masa ciwo, shi ya sa ba a cika zaɓarsa ba. Sa hannu a takarda kuwa kyauta ne a gare shi, domin wanda ya biya kuɗin ba ya cikin ɗakin.

Shi wannan da ba ya cikin ɗakin, ba mu san fuskarsa ba, ba ya gaishe mu ranar salla. Wataƙila ɗan tsohon ma'aikacin masaƙa ne, wanda uban ya tura makaranta da kuɗin sallama. Ya fi kowa maki, amma ba shi da zauren da uwarsa za ta je ta zauna. Irinsa ne muke gani a tasha yana jiran fasinja a kan babur, ko ya nufi ramukan haƙar zinariya na wajen Anka da Bukkuyum, inda gubar dalma ta kashe ɗaruruwan ƙananan yara a 2010.