Ɗakin Amarya: Na Mai Ɗaki Ne Ko Na 'Yan Kallo?

Kwanakin baya na raka yayata wani babban kantin kayan ɗaki a birnin Kano, domin za ta aurar da 'yarta ta fari. Muna shiga sanyin na'ura ya buge mu, ga gadaje da kujeru jere, ga madubai sai ƙyalli suke yi, ga labulaye kala-kala har ƙasa. Yaron kanti ya tarye mu da fara'a, ya kai mu gaban wani setin gado da kujeru ya ce, "Hajiya, wannan ake yayi yanzu, daga Turkiyya aka sauke shi." Da ya faɗi kuɗin sai na yi lissafi a zuci, na ga ya zarce albashin maigidanta na shekara guda. Na matsa kusa da ita na ce, "Yaya, ai wanda kafintan unguwarmu yake yi ya fi wannan ƙwari, kuma bai kai rabin kuɗinsa ba." Ta dube ni ta ce, "Kai dai yi shiru, tunda ba kai za a yi wa gori ba. Ranar da dangin miji suka zo ganin ɗaki sunana za a kira."

Wannan amsa ta hana ni sakat, domin na ga akwai gaskiya a cikinta. Ita ce ta sa na ɗauki alƙalami in tambayi kaina, in kuma tambayi 'yan uwana marubuta: shin wa ake yi wa adon ɗaki, wanda zai zauna a ciki ko wanda zai leƙo ya wuce? Kuma daga ina son kyakkyawan abu yake zama laifi?

Bari mu fara da cire wani ruɗani. Son abu mai kyau ba aibi ba ne. Ya zo a Sahihu Muslim cewa wani mutum ya tambayi Manzon Allah (SAW) game da mai son tufarsa da takalminsa su yi kyau, ko hakan girman kai ne, sai aka nuna masa cewa girman kai yana cikin ƙin gaskiya da raina mutane. Saboda haka matar da ta share ɗakinta, ta gyara gado, ta rataya labule mai kyau, ta turara shi da turaren wuta, ba ta yi komai ba sai abin yabo. Bahaushe ma tun asali mai son ado ne. Dubi zanen da magina suke yi a fuskar soraye a Kano da Zariya da Damagaram, dubi sassaƙar ƙwarya da saƙar faifai. Duk wanda ya ce a bar ado gaba ɗaya, to, bai san mutanen da yake yi wa wa'azi ba.

Haka kuma jeren ɗaki ba baƙon abu ba ne. Kakanninmu sun yi jeren ƙorai da faya-fayai da tasoshi. Da kwanukan fenti suka shigo, sai langa da fanteka da kumbo da samira suka hau bango, aka jera su ɗaya kan ɗaya har kusa da rufi, ga gado mai rumfa a gefe da tulin katifu da matasai. Bayan haka aka shiga zamanin kabet da tangaran da gadon fomeka, sannan kujerun kushin da kafet. Yau kuwa kaya daga Dubai da Sin da Turkiyya ake magana, wasu ma a waya ake ganinsu a Instagram a tura kuɗi a kawo har gida. Masu iya magana sun ce zamani riga ne, kowa da irin tasa.

Sai dai akwai bambanci guda tsakanin jeren da da na yanzu, wanda a ganina shi ne gishirin maganar. Kwanukan da iyayenmu suka jera dukiya ce ajiyayya. Mace tana kulle, ba ta da gona, ba ta da asusun banki, amma tana da bangon ɗakinta. In ciwo ya kama yaro maigida ba ya gari, sai ta sauko da samira biyu ta ba dillaliya. In aure ya mutu, da kayanta za ta fita, ba wanda ya isa ya hana ta ko cokali. In 'yarta ta isa aure, sai ta raba jeren biyu ta ba ta rabi. Kwano ba ya ruɓewa, kuma yakan daɗe bai faɗi a kasuwa ba. Ashe ke nan uwar da ta tara wa 'yarta kwanuka jari ta ba ta, ado ya zo ne a kan hanya.

To, a gwada wannan da setin da aka nuna mana a kanti. Da yawa daga cikin irin waɗannan kaya da garin katako ake yin su, a matse shi da gam a liƙa masa fata mai sheƙi. Danshin damina ɗaya in ya shige shi sai ya kumbura, tashi ɗaya daga gidan haya zuwa wani sai kusoshi su saki. Ranar da ya bar kanti ranar darajarsa take fara zubewa, bayan 'yan shekaru kuma a kira shi tsohon yayi. Wato mun riƙe al'adar tara wa amarya kaya, mun saki hikimar da ta haifi al'adar. Da ajiya ake yi mata, yanzu kashewa ake yi da sunanta. Kallon kitse muke yi wa rogo.

Sannan wa yake biya? Malaman fiƙihu sun ɗora tanadin mazauni da ciyarwa da tufatarwa a kan miji. A mazhabar Malikiyya da muke bi, abin da aka nema daga amarya shi ne ta yi kayan ɗaki gwargwadon sadakin da ta karɓa. An kuma ruwaito cewa kayan da Nana Faɗima ta tare da su gidan Sayyidina Ali ba su wuce mayafi da salkar ruwa da matashin fata da 'yan abubuwa makamantansu ba. Amma mu al'ada ta juye mana lissafi: sadaki kaɗan, sai uban yarinya ya cika falo da uwar ɗaka da kicin, ya kuma kai gara. Tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 talaka yake nishi da wannan kaya. Da aka saki Naira ga kasuwa a watan Yuni na 2023, Dala ta tashi daga wajen Naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya bi ta. Albashi bai bi ta ba, amma idon 'yan ganin ɗaki bai rage komai daga abin da yake nema ba.

Sakamakon haka kowa ya san shi. Akwai uban da ya sayar da gonar gado, akwai uwar da ta ci adashi uku a lokaci guda, akwai yarinyar da aka ɗaga bikinta sau biyu har manemin ya gaji ya tafi. Shi ya sa da gwamnatin Kano ta fara auren zawarawa ta hannun Hukumar Hisba a 2012, gado da katifa suna cikin manyan abubuwan da ta ɗauki nauyi, haka ma a auren gata na mutum 1,800 da amarensu a watan Oktoba na 2023. Wannan kaɗai shaida ce cewa katako da soso sun zama shinge tsakanin mutane da sunnar aure.

Duk da haka ba zan ɗora wa yayata laifin duka ba. Ba wauta ce ta kai ta kantin nan ba, tsoro ne, kuma tsoron yana da tushe. Ta ga yadda ake yi wa 'yar talaka a gidan miji, a ce da ita ko kujerar kirki ba a kawo ta da ita ba, kishiya ta yi habaici, uwar miji ta taɓe baki. A wurinta setin nan garkuwa ce take saya wa 'yarta. Idan haka ne, babban mai laifi shi ne mai gorin. Mu ne muke shiga ɗakin amarya muna ɗaga labule, muna buɗe kuloli, muna ƙirga tukwane, mu fito mu baza labari. Mun koma ga ma'anar girman kai da aka ambata a sama, wato raina mutane. Wanda ya raina amarya don gadonta na kafinta ne, shi ya tura uwarta cin bashi, kuma yana da kaso a cikin alhakin.

Kyauta ma ba ta tsira ba. Asalin gudummawar biki taimakon juna ne, yau gare ni gobe gare ki. Amma yanzu akwai littafin da ake rubuta wa ya kawo me, kuma akan sa ran a mayar da abin da ya fi. Kyautar da mai karɓa zai kwana yana tunanin yadda zai rama ta, bashi ce da aka naɗe a takarda mai ƙyalli. Mace takan ƙi zuwa bikin aminiyarta don ba ta da abin da za ta riƙa a hannu, zumunci ya yanke a kan setin kofuna.

Yanzu bari in juyo kanmu, mu masu alƙalami. Littattafanmu na soyayya nawa ne suka ɓata shafi uku wajen siffanta falon jarumar labari, daga kafet mai nutsar da ƙafa har fitilun da ke lilo a rufi? Finafinanmu nawa aka ɗauka a gidajen aro na attajirai, aka nuna su tamkar nan ne mazaunin kowane sabon ango? Yarinya 'yar shekara sha biyar ta karanta, ta kalla, ta ɗauka haka aure yake. Ba na cewa marubuci ya daina siffanta daula, domin akwai ta a duniya. Abin da nake roƙo shi ne adalci: in ka nuna mana kujerar, ka nuna mana wanda ya biya, da abin da ya sayar kafin ya biya. Ka kuma gwada rubuta ɗaki mai gado ɗaya da darduma wanda mai karatu zai yi sha'awar zama a cikinsa. Wannan ya fi wuyar rubutawa, shi ya sa kaɗan daga cikinmu suke gwadawa.

Ni dai ma'aunin da na tsayar wa kaina tambayoyi uku ne kafin in sayi abin ɗaki ko in ba da kyauta. Da na san ba wanda zai gani, zan saya? In na saya, akwai haƙƙin wani da zai tauye, kamar kuɗin makarantar yara ko bashin maƙwabci? In wuya ta zo, abin nan zai taimaki mai shi? Abin da ya tsallake ukun nan halal ne a more shi, komai tsadarsa, ga wanda Allah ya hore wa. Wanda ya faɗi tun a tambayar farko kuwa, to, na 'yan kallo ne, kuma kayan aro ba ya rufe katara.

Yayata dai ta sayi setin Turkiyya. An yi biki lafiya, 'yan ganin ɗaki sun yaba, ba su yi awa guda ba suka watse. Bayan wata biyu na kai wa amarya ziyara, na tarar kujerun suna lulluɓe da leda don kada ƙura ta taɓa su. Ta shimfiɗa mini darduma a ƙasa ta ce, "Kawu, zauna nan, ya fi daɗi." A nan muka ci tuwo muka yi hira har la'asar. Uwarta kuwa saura zubi takwas ta gama biyan adashi.

Allah ya ba mu wadatar zuci, ya sa alƙalumanmu su zama masu sauƙaƙa wa mutane, amin.