Wa Zai Ce Yaƙi Ya Ƙare?

Karatu: 2 Sama'ila 21:1-14

Ɗan'uwa mai karatu, idan manya suka sa hannu a takarda cewa yaƙi ya ƙare, ya ƙare ke nan? Ga wanda ya sami kujerar minista, i. Amma je ka tambayi matar da har yau ba ta san inda aka jefar da gawar ɗanta ba.

A karatunmu na yau, Sarki Dawuda ya sasanta da Gibeyonawa a kan jinin da Saul ya zubar. Aka ba su mutum bakwai daga zuriyar Saul, suka kashe, aka bar gawawwakin a fili. A wurin fada, magana ta mutu. Amma biyu daga cikinsu 'ya'yan Rizfa ne. Ba ta da mayaƙa, ba ta da bakin magana a gaban sarki. Sai ta tare a kan dutse kusa da gawawwakin, tana korar tsuntsaye da namun jeji dare da rana, tun daga girbi har saukar ruwa. Labari ya kai kunnen Dawuda, ya sa aka tattara ƙasusuwan aka binne. Ka lura, sai bayan wannan ne Allah ya amsa roƙon da ake yi domin ƙasar.

Irin zaman nan matan Laberiya suka yi a 2003, bayan an shekara 14 ana yaƙi ana tsayawa. Leymah Gbowee ta fara da matan ikkilisiya, Asatu Bah Kenneth, wadda 'yar sanda ce, ta kawo mata Musulmi. Suka sa fararen kaya, suka zauna a filin kasuwar kifi a Monrobiya, cikin rana da ruwa, suna addu'a, har Shugaba Charles Taylor ya yarda ya gan su. Da aka koma Akara ta ƙasar Gana domin sulhu, inda Janar Abdulsalami Abubakar yake shiga tsakani, shugabannin mayaƙa suka yi ta jan ƙafa makonni, a gida kuwa ana mutuwa. Matan suka zauna a bakin ƙofar zauren, suka ce ba mai fita sai an daidaita. Ranar 18 ga Agusta aka sa hannu.

To, ga abin da yake da wuya. Sulhun nan ya raba wa ƙungiyoyin da suka yi kisan muƙaman gwamnati. Matan sun yi kuskure da suka matsa a karɓe shi? A ganina, a'a. Wanda gidansa yake cin wuta ba ya tsayawa shari'a da wanda ya cinna. Amma kashe wuta dabam, gyaran gida dabam. Hukumar binciken gaskiya ta ba da shawara a 2009 a kafa kotu ta musamman. Sai a 2024 Shugaba Joseph Boakai ya sa hannu a buɗe ofishin da zai shirya ta. Iyaye nawa suka mutu suna jira?

Cikin jiran nan, wa ya ɗauki kayan? Da yawa daga cikin mayaƙan yara ne da aka kama, aka ɗirka musu ƙwaya, aka ba su bindiga. Da suka ajiye makamai, unguwa suka dawo. Uwar wanda ya kashe da uwar wanda aka kashe rijiya ɗaya suke ɗiban ruwa. Idan muna wa'azin gafara daga bagade, su ne za su yi ta kowace safiya, da guga a hannu. Kada ka gaggauta ce wa irin wannan mace ta manta. Rizfa ba ta nemi ramuwa ba, ba ta kuma tashi daga kan dutsen ba.

Ran da za a yi zaman sulhu a garinku ko a majami'arku, ka ɗan leƙa ka gani: matan zumunta suna cikin zauren, ko suna can baya wajen murhu suna dafa wa baƙi tuwo?